Mu Yi Gayyar Manhaja: Kira Ga Hausawan Khartum Da Omdurman

'Yan'uwana Hausawan Khartum da Omdurman da Bahri, da waɗanda suka riga suka koma gida, da waɗanda ke ɗaure kaya a Kassala da Gadarif da Port Sudan da Masar suna shirin komawa, ku ba ni aron hankalinku. Maganar da zan yi ta kwamfuta ce, na kuma san wani zai ce ana ta ruwan sha da wutar lantarki wa ke ta kwamfuta. Ku yi haƙuri ku saurara, domin abin da za mu yanke a kanta cikin 'yan watannin nan zai bi 'ya'yanmu shekaru masu yawa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 bai bar komai ba. Da sojoji suka karɓe fadar gwamnati da filin jirgin sama a watan Maris na 2025, mutane suka fara komowa, abin da suka tarar kowa ya sani: ƙofofi a ɓalle, wayoyin wuta an zare su daga bango, ofisoshi da makarantu da ɗakunan karatu na jami'o'i an yashe su. Kwamfutoci na cikin kayan da aka fara kwashewa. Yanzu mai shagon buga takardu, da shugaban makarantar unguwa, da mai kemis, da ɗalibar da ke son ƙarasa kundin digirinta, kowa zai lallaɓa ya nemi wata, mafi yawa kuma tsohuwa ce za su iya saye. Za su kai ta wurin yaron da ke gyara, ya tambaye su, "In sa maka Windows da Ofis?" Su ce to. Ya ɗauko filas ɗinsa ya zuba musu na kirak, wato kofin da ba a biya lasisinsa ba, kamar yadda aka saba. A daidai wannan gaɓar nake so mu tsaya mu yi shawara.

Ban zo zargin kowa ba. Al'adar kirak a Sudan tana da tarihi, kuma ba son banza ya haife ta ba. A watan Nuwamban 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin kasuwanci, aka shafe kusan shekara ashirin ɗan Sudan, ko da kuɗinsa a hannu, ba shi da hanyar halak ta sayen manhajar kamfanonin Amurka. A Janairun 2010 shafin SourceForge, wanda a lokacin yake cikin manyan rumbunan manhajoji na duniya, ya rufe ƙofa ga masu shigowa daga Sudan da Iran da Siriya da Cuba da Koriya ta Arewa. A farkon 2014 Coursera ta toshe wa ɗaliban Sudan darussanta. Sai a Fabrairun 2015 gwamnatin Amurka ta ɗan sassauta kan manhajojin sadarwa, a Oktoban 2017 aka ɗage takunkumin, a Disamban 2020 aka cire sunan Sudan daga jerin ƙasashen da ake zargi da tallafa wa ta'addanci. Duk tsawon wannan lokaci yaranmu sun koyi kwamfuta ne da abin da suka samu, kuma sun yi ƙoƙari.

To an ɗage takunkumi, sai me ya biyo baya? Farashi. Windows 11 na gida dala 139 ne a shagon Microsoft, na ofis dala 199, kafin a zo maganar Word da Excel, waɗanda yanzu aka fi tura mutane su riƙa biyan hayarsu shekara-shekara. Adobe tun 2013 ta daina sayar da sababbin manyan manhajojinta baki ɗaya, sai haya. Ku auna wannan da fam ɗin Sudan na yau, ku auna da albashin malamin makaranta. Ko wanda ke da kuɗin, da wane katin banki zai biya? Hayar kuma tana da wani haɗari da mu muka fi kowa saninsa. A Oktoban 2019 Adobe ta sanar wa mutanen Venezuela cewa za ta rufe asusunsu duka saboda takunkumin Amurka. Daga baya ta samu izini ta fasa, amma duniya ta ga cewa sa hannun mutum ɗaya a wata ƙasa na iya hana mai zane a wata ƙasar buɗe aikin da ya yi da hannunsa. Mu da muka yi shekara ashirin cikin irin wannan ƙangin, yaya za mu sake miƙa wuya?

Ga kuma matsalar da ta fi kusa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10 kamar yadda ta saba, Windows 11 kuma ba ya karɓar tsofaffin injuna da yawa. Wato akasarin kwamfutocin gwanjo da za su shigo kasuwanninmu, ko dai a bar su da tsarin da aka daina ɗinke ɓarakarsa, ko a yi musu dabarar da ba ta da tabbas. Kirak ɗin kansa ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Injin da kake ajiye sunayen marasa lafiya, ko sakamakon jarrabawar yara, ko lissafin bashin abokan ciniki, bai kamata ya zauna da baƙon da ba ka san wanda ya aiko shi ba.

Akwai wata hanya, kuma ta daɗe. A 1983 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da aikin GNU, ya kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Daga nan aka samu Debian a 1993, da Ubuntu a 2004, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa. Lasisin irin waɗannan manhajoji ya ba ka haƙƙi huɗu a rubuce: ka yi aiki da ita yadda ka ga dama, ka duba yadda aka ƙera ta ka gyara, ka kwafa ka ba wani, ka kuma raba wadda ka gyara. Duba haƙƙi na uku da kyau. Abin da yaron shago ke yi a ɓoye da filas ɗinsa, a nan halak ne, masu manhajar ma roƙonsa suke ya yi. Shi ya sa ranar da SourceForge ta rufe ƙofa, wanda ke da kofi a Omdurman bai rasa komai ba, yana da ikon bai wa unguwarsu duka. Ana iya toshe shafi, amma izinin da aka riga aka ba ka a kan kofin da ke hannunka yana nan.

Kada kuma a ɗauka kayan wasan yara ne. LibreOffice, wadda ta fito a 2010, tana rubuta wasiƙa da kundi, tana lissafi a jadawali, tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma rubutu daga dama zuwa hagu da Larabci ba tare da wahala ba. Mai shagon zane da buga katin biki yana da GIMP da Inkscape da Scribus. Mai naɗar karatun malamai da wa'azi yana da Audacity. Ɗan kasuwa yana da GnuCash. Jami'o'i a faɗin duniya suna koyarwa da Moodle, ɗakunan karatu suna tsara littattafansu da Koha, ma'aikatun lafiya na ƙasashe da dama, har da Najeriya, suna tattara alƙalumansu da DHIS2 da aka raina a Jami'ar Oslo. Injiniyan da zai zana inda bututun ruwa ya fashe a unguwa yana da QGIS. Tsohon inji kuwa, wanda Windows 11 ya ƙi, idan aka sa masa Linux Mint ko Lubuntu sai ka ga ya miƙe yana aiki.

Sai dai in na ce muku kyauta ce na yi shiru, ban gama faɗar gaskiya ba. Manhajar ba a biyan kuɗin lasisinta, amma isowarta hannunka tana da tsada. Tsarin Linux guda ɗaya yana cin gigabait biyu zuwa shida na data. Sai wuta, sai intanet da ba ta tsinkewa a tsakiyar saukewa. Mun ga yadda aka yanke intanet fiye da wata guda bayan 3 ga Yunin 2019, aka sake yankewa makonni bayan juyin mulkin Oktoban 2021. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, manhajar tura kuɗi ta Bankak ta tsaya, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don kawai su karɓi abin da dangi suka turo. A ƙasa irin wannan, ce wa talaka "je ka sauke a intanet" daidai yake da ce masa ya haƙura.

Maganin wannan a hannunmu yake, kuma ba shi da wuya. Mutum ɗaya ya sauke, mutum ɗari su kwafa. A kowace unguwa a samu wuri guda, shago ko makaranta ko ɗakin da ke jikin masallaci, inda akwai sola da faifan ajiya ɗaya mai ɗauke da komai: tsarin Linux, LibreOffice ta Linux da ta Windows, taswirar Sudan ta OpenStreetMap, da Kiwix, wadda ke ba ka damar karanta Wikipedia ta Larabci da ta Hausa ba tare da intanet ba. Kowa ya zo da filas ɗinsa. An taɓa yin makamancin haka a duniya: kamfanin da ke bayan Ubuntu ya yi shekaru yana aika faifan CD ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya nema, har ya daina a 2011. Su sun daina, mu sai mu ɗauka. Mutanen da suka ciyar da unguwanni da tukwanen takaya, wato girkin sadaka, a tsakiyar ruwan harsashi ba za su gaza ajiye faifai ɗaya ba.

Masu gyara, na san abin da ke ranku: to mu da me za mu ci? Ku kwantar da hankalinku. Lasisin bai hana ciniki ba. Stallman da kansa ya riƙa sayar da kofin manhajarsa Emacs a kan dala 150 a shekarun 1980, da shi ya riƙe kansa. Ka karɓi kuɗin aikinka, da na wutarka, da na filas, da na koyarwa. Abin da ba daidai ba shi ne ka ɓoye wa mutum cewa yana da haƙƙin kwafa, ko ka tsauwala masa don bai sani ba. Ku rubuta farashi a allo a ƙofar shago, kowa ya gani: kaza kuɗin sakawa, kaza kuɗin awa ɗaya ta koyarwa. Wanda ya koya a hannunka shi zai dawo gobe da maƙwabcinsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne ainihin dalilin wannan kira. Manhaja ba ta amfanar wanda bai san inda zai danna ba. Littattafan jagora suna nan, kyauta. Masu LibreOffice suna wallafa littafi ga kowane sashe nata, ka sauke ba ko sisi, in kana son bugagge ka saya. Babban littafin kula da Debian na Raphaël Hertzog da Roland Mas, jama'a ne suka yi karo-karo aka 'yanta shi a 2012, kowa na iya kwafa da fassarawa. Tun shekarar 2000 aka fitar da lasisi na musamman don littattafan jagora, saboda magabatan wannan tafiya sun gane cewa manhaja mai 'yanci da littafinta ke kulle ba ta gama samun 'yanci ba. Amma littattafan nan ɗaruruwan shafuka ne, akasarinsu da Turanci. Na Larabci akwai, kaɗan ne, wasu sun tsufa. Na Hausa fa? Ku tambayi duk wani mai shago daga Suk Libya zuwa Suk al-Arabi ko ya taɓa riƙe littafin LibreOffice da Hausa.

Babu wani kamfani a Amurka ko Jamus da zai rubuta mana shi. Mu za mu rubuta, kuma aiki ne da muka gada. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kafin su da bayansu, alhazai sun yi ta bin wannan hanya da ƙafa, wasu suka yi zango suka zauna, suka yi noma a Jazira, suka kafa unguwanni. A cikin kayansu akwai gafaka, a cikin gafaka akwai littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello. Babu injin ɗab'i a tare da su. Almajiri ne zai ari littafin malaminsa, ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe, ya rubuta fassarar kalma mai wuya da ajami a ƙarƙashin layi, wani ya zo ya kwafa daga nasa. Babu wanda ya kira wannan sata. Lada ake nema da shi. Mai kwafa kuma ana biyansa ladan hannunsa. Tsarin manhaja mai 'yanci ke nan tun kafin a ƙera kwamfuta, kuma jininmu ne.

Wane irin littafi nake nufi? Ƙarami. Shafi ashirin ko talatin, mai hotuna, kowane ɗaya a kan buƙata guda: yadda za ka rubuta takardar neman aiki ka mayar da ita PDF, yadda malami zai tsara sakamakon aji, yadda mai shago zai rubuta shiga da fita, yadda za ka adana kofin takardunka a wuri biyu don kada abin da ya faru a 2023 ya sake cinye takardar shaidar karatu ko ta fili. A rubuta shi da Hausar da ake yi a gida, kada a tsaya gardamar kalma: in "filas" mutane ke cewa a rubuta filas, in kalmar Larabci ta fi zama a bakinsu a bar ta. A kuma tuna cewa yawancin Hausawan Sudan da haruffan Larabci suka yi karatu, boko baƙo ne a idon da yawa. Saboda haka a fitar da shi kashi biyu, ajami da boko. Kayan aikin ma suna nan: ƙungiyar SIL ta fitar da tsarin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano, da wani mai suna Harmattan, dukansu kyauta da lasisin da ya yarda a raba. Iyayenmu mata da dattawan da ido ya yi rauni, a naɗa musu da murya, a tura ta WhatsApp, a zuba a katin waya. A bangon kowane littafi a rubuta ɓaro-ɓaro cewa an yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya buga, ya sayar, muddin ya bar wa na gaba wannan izinin. Bugaggen a sayar da shi kuɗin takarda da tawada da ɗan abin da mai bugawa zai samu.

Za a ce takardar Word wani lokaci tana karkacewa in aka buɗe ta a LibreOffice. Haka ne, musamman mai ado da yawa. In za ka aika wa ofis, aika PDF. Za a ce wata firinta ba ta jituwa da Linux, kuma wani injiniya aikinsa sai da AutoCAD. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a tilasta masa. Ba sai ka goge Windows yau ba. Sa LibreOffice da GIMP a kansa ka fara sabawa. Linux kuma ana iya tayar da shi daga filas a gwada, ba tare da an taɓa abin da ke cikin injin ba. Gwada firintarka, gwada Larabcinka, in ya yi maka sai ka saka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce "ba mu saba ba" a rufe magana. Kirak ɗin ma da ba mu saba da shi ba, koya muka yi.

Ina kira ga ɗaliban da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya, da Jami'ar Khartum, da Jami'ar Musulunci ta Omdurman, da Ahfad, da Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, musamman waɗanda aka kwashe a motocin bas a 2023 suka koma Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi. Kun sha ruwan Nilu, kun ci gishirin mutanen nan, kuna da Larabci da Hausa da Turanci a baki ɗaya, abin da mutane ƙalilan ne ke da shi. Ku kasu uku-uku ko biyar-biyar, kowane rukuni ya ɗauki littafi guda, ku sa wa kanku wa'adin wata biyu. Abin da kuka rubuta domin Omdurman zai yi aiki a Fagge da Sabon Gari da Damagaram, domin matsalar ɗaya ce.

Ina kira ga attajiranmu da ke Saudiyya da ƙasashen Gulf da Port Sudan. Faifan ajiya ɗaya, da filas ashirin, da farantin sola, da kuɗin takardar buga kofi ɗari biyu, ba su kai abin da ake kashewa a walima ɗaya ba. Sadaka ce mai gudana.

Ina kira ga limamai da malaman zaure da shugabannin makarantu. Ku ba da ɗaki, ku ba da sanarwa bayan sallah, ku faɗa wa iyaye cewa 'yarsu ma ta zo. Shugaban makarantar da za a ba gudummawar kwamfutoci, ka tambayi mai bayarwa wace manhaja ke ciki, da wanda zai biya lasisinta baɗi, kafin ka sa hannu.

Ku kuma matasan da ke zaune a shagunan gyara, ku ne kan gaba, domin ta hannunku kowane inji zai bi. Gobe in wani ya kawo maka tasa, kafin ka ɗauko filas ɗin kirak, ka ce masa, "Baba, akwai wata da ba a biyan lasisi, kuma halak ce, bari in nuna maka." Ka ba shi minti goma ya gani da idonsa, ya zaɓa da kansa.

A wannan Juma'ar, bayan an sallame, mutum biyar su tsaya a kowane masallacin unguwa: mai gyara ɗaya, malami ɗaya, ɗalibi ɗaya, ɗan kasuwa ɗaya, da wanda zai kai saƙo ga mata. Ku fitar da wurin da za a ajiye faifan, ku fitar da wanda zai fara rubuta littafin farko, ku sa ranar da za ku sake haɗuwa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya ba mu ikon yi.